Bita da Tishi: Hanyoyin Shirya Ɗaliban Sakandare Domin Jarrabawa

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da aiki ya taɓa kai shi makarantar sakandare a watan Afrilu ya san yanayin da ake shiga idan jarrabawar fita ta gabato. Za a tarar da ɗalibai a gindin itatuwa da bayan azuzuwa, kowa riƙe da littafin da ya kwafi darasi a ciki, yana karantawa yana maimaitawa, wasu a ɓoye wasu a bayyane. A wata irin wannan ziyara, lokacin da muka je duba ɗalibanmu masu koyarwar gwaji, mun tsaya wurin wata ɗaliba da ke bitar labarin ƙasa. Ta ce mana tun safe take kan shafi guda, kuma ta tabbata ya zauna. Muka ce ta rufe littafin ta gaya mana abin da ke ciki. Ta kawo layi biyu na farko, sai ta tsaya, ta yi shiru, can ta ce, "Wallahi Malam na sani, ɓace mini ya yi."

Wannan yarinya ba ƙarya ta yi ba, ba kuma ragguwa ba ce. Ta ba da lokacinta da ƙarfinta, sai dai hanyar da ta bi ce ta yaudare ta. Irinta kuwa suna da yawa. Abin da ke gabansu ba ƙarami ba ne: jarrabawar Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, wadda aka kafa a 1952, da ta NECO wadda aka kafa a 1999, da kuma ta shiga jami'a wadda hukumar JAMB ke gudanarwa tun 1978. Ɗalibin da bai sami kiredit biyar ba, ciki har da Turanci, da Lissafi ga yawancin fannoni, sai ya dakata shekara guda, iyaye su sake neman kuɗin rajista. Ga 'ya mace ma sau da yawa dakatawar nan ita ce ƙarshen karatu.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa bita mai amfani ita ce wadda ɗalibi ke rufe littafi ya jawo karatun daga kansa, ya kuma rarraba wannan aiki bisa tsawon lokaci. Za mu kawo abin da masana halayyar ɗan'adam suka gano, mu gwama shi da abin da makarantar allo ta daɗe tana yi, sannan mu duba yadda za a aiwatar da shi a makarantunmu na boko.

2.0 Ma'anar Bita da Yadda Ɗalibai Suka Ɗauke Ta

A wannan takarda, idan muka ce bita muna nufin komawa kan darasin da aka riga aka koya domin ya daɗa zama, a kuma iya fito da shi lokacin da ake bukata. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne jigo, domin ɗakin jarrabawa ba ya tambayar abin da ya shiga kai, abin da ya iya fitowa yake tambaya.

Yawancin ɗalibai sun ɗauki bita a matsayin sake karantawa. Wannan ba a ƙasarmu kaɗai ba ne. A 2009 Karpicke da Butler da Roediger sun tambayi ɗaliban wata jami'a a Amurka su 177 yadda suke nazari. Kashi 84 cikin ɗari suka ambaci sake karantawa, kashi 11 kacal suka ambaci gwada kansu da tambayoyi.

Dalilin da ya sa sake karantawa ke da farin jini a fili yake. Idan ido ya bi shafi sau biyar, kalmomin sukan zama sanannu, karatu ya riƙa tafiya ba gargada, sai mai karatu ya ɗauka ya iya. Alhali kuwa gane abu idan an gan shi daban, tuno shi idan ba ya nan daban. Kowa ya taɓa gamuwa da mutumin da ya shaida fuskarsa sarai amma sunan ya ƙi zuwa. Abin da ya sami ɗalibar da muka ambata ke nan: ta shaida shafin, ba ta mallake shi ba.

3.0 Yadda Mantuwa Ke Aiki

Kafin a yi maganar magani ya kamata a san cutar. Wanda ya fara auna mantuwa da lissafi shi ne Hermann Ebbinghaus, Bajamushe, wanda ya buga sakamakon bincikensa a 1885. Ya yi gwajin ne a kan kansa. Yakan haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, ya bar su na wani lokaci, sannan ya sake koyonsu, ya auna yawan wahalar da koyon farko ya rage masa. Bisa wannan ma'auni, bayan minti 20 abin da ya saura kashi 58 ne cikin ɗari, bayan awa ɗaya kashi 44, bayan kwana ɗaya wajen kashi 34, bayan kwana 31 kuwa kashi 21.

Gaskiya ne darasi mai ma'ana ba ya zubewa da sauri kamar gaɓoɓin banza, saboda haka bai kamata a ɗauki waɗannan alkaluma a ɗora kan kowane darasi ba. Amma siffar abin ta tabbata a gwaje-gwaje da yawa da suka biyo baya: mafi yawan asara a farko-farko take aukuwa, daga nan sai ta riƙa tafiya a hankali. Abin lura ga malami shi ne, darasin da aka koyar a watan Oktoba, ba a sake waiwayarsa ba sai Afrilu, ba bitarsa ake yi ba a lokacin, sabon koyo ake yi. Shi ya sa ɗalibi yakan ga aikin shekara uku ya taru masa cikin mako shida, hankalinsa ya tashi, wani ma har ya fara tunanin satar amsa. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

4.0 Hanyoyin da Bincike Ya Tabbatar

A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi kan hanyoyin nazari guda goma, suka auna amfanin kowace. Biyu ne kaɗai suka sami matsayi na sama, watau gwada kai da tambayoyi, da rarraba bita. Sake karantawa, da ja wa muhimman wurare layi, da taƙaita darasi, duk suna cikin waɗanda aka sa a matsayi na ƙasa. Watau hanyoyin da ɗalibai suka fi dogara da su, su ne mafi ƙarancin amfani. Bari mu ɗauki masu amfanin ɗaya bayan ɗaya.

4.1 Jawo Karatu da Ka

Tun a 1917 Arthur Gates na Jami'ar Kolambiya ya ba 'yan makaranta gajerun tarihin mutane su koya cikin ƙayyadadden lokaci. Wasu suka cinye lokacin duka wajen karantawa, wasu kuma aka sa su ɗauke ido daga takarda su riƙa faɗa da ka. Waɗanda suka ba da kimanin kashi 60 cikin ɗari na lokacinsu ga faɗa da ka sun fi riƙewa. A 1939 kuma Herbert Spitzer ya yi gwaji da yara 'yan aji shida na firamare fiye da 3,600 a jihar Ayowa ta Amurka. Ya gano cewa waɗanda aka yi wa tambayoyi jim kaɗan bayan sun karanta labari sun riƙe shi makonni, waɗanda aka jinkirta yi musu kuwa sun yi asarar mafi yawansa.

Gwajin da ya fi fito da abin fili shi ne na Roediger da Karpicke a 2006. An ba wani rukuni na ɗalibai wani nassi su karanta a zama huɗu. Wani rukunin kuma zama ɗaya suka yi na karatu, sauran zama ukun suka rufe takarda suna rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba, da kashi 83 a kan 71. Bayan mako guda sai reshe ya juya da mujiya: masu maimaita karatu suka faɗo kashi 40, masu jawowa da ka suka tsaya a kashi 61. Wani abin sha'awa, da aka tambaye su tun farko, masu maimaita karatun ne suka fi amincewa za su tuna.

A nan akwai darasi biyu. Na farko, tambaya ba ma'auni kaɗai ba ce, ita kanta hanyar koyo ce, domin duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta yi ƙoƙarin lalubo abu, hanyar zuwa gare shi takan daɗa buɗewa. Na biyu, jin daɗin karatu ba shaida ba ne cewa ana ƙaruwa. Hanyar da ta fi amfani ita ce ta fi gajiyarwa, ita ce kuma ke tona wa ɗalibi asirin abin da bai sani ba, shi ya sa yake gudunta. Sharaɗi guda shi ne, bayan an jawo da ka sai a buɗe littafi a duba, a gyara kuskure nan take, don kada kuskuren ya zauna.

4.2 Rarraba Bita

Ebbinghaus ya lura cewa jerin da ya maimaita sau 68 a zama ɗaya, maimaitawa 38 ta isar masa idan ya rarraba ta cikin kwana uku. Ashe awa shida da aka raba kwana shida ta fi awa shida ta dare ɗaya albarka, ko da yake lokacin ɗaya ne.

To, wane tazara ya kamata a bari tsakanin bita da bita? A 2008 Cepeda da abokan aikinsa sun gwada mutane fiye da 1,350, suka gano cewa tazarar ta danganta da nisan ranar jarrabawa. Idan saura mako guda, tazarar da ta fi dacewa ita ce kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari na lokacin, watau kamar kwana ɗaya zuwa uku. Idan kuwa saura shekara guda, kashi 5 zuwa 10 ne, watau kamar mako uku zuwa biyar. Ma'anar wannan ita ce a bar karatu ya ɗan fara dusashewa kafin a koma masa, amma kada a bari ya ɓace ɗungum.

4.3 Cakuɗa Ire-iren Tambayoyi

Littattafan lissafi sun saba jera tambayoyi iri ɗaya a ƙarshen kowane babi. Ɗalibi yakan yi ashirin a jere da dabara ɗaya, ya ga duk ya ci. Amma a takardar jarrabawa ba a rubuta wa tambaya babin da ta fito, aikin farko shi ne gane wace dabara ta dace da ita. A 2007 Rohrer da Taylor sun koya wa ɗalibai yadda ake lissafa cikin wasu siffofi huɗu. Rukuni ɗaya ya yi aikin kowace siffa daban, ɗayan kuma aka cakuɗa masa. A lokacin aikin, masu yi daban-daban sun ci kashi 89, masu cakuɗe kashi 60. Bayan mako guda masu cakuɗe suka ci kashi 63, ɗaya rukunin kuwa kashi 20. Nan ma hanyar da ta fi wuya a farko ita ce ta yi rana.

4.4 Barci

Kwanan zaune da shayi da goro a daren jarrabawa tsohuwar al'ada ce a makarantun kwana. Tun a 1924 Jenkins da Dallenbach na Jami'ar Konel suka nuna cewa abin da aka koya aka kwanta barci a kansa ya fi zama bisa wanda aka koya aka ci gaba da harkokin yini. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daɗa kafa abin da ta ɗauka da rana. Saboda haka ɗalibin da ya sayar da barcinsa don ƙarin awa uku na karatu ya yi asara biyu: abin da ya karanta bai kafu ba, ga shi kuma zai shiga ɗakin jarrabawa da nauyin kai.

5.0 Abin da Makarantar Allo Ta Riga Ta Sani

Wanda duk ya yi makarantar allo zai ga cewa abubuwan nan ba baƙi ba ne gare shi. Malam yakan biya wa almajiri karatu, almajiri ya koma ya yi ta nanatawa, amma ba shi da izinin wanke allo sai ya kawo karatun gaban malam an saurara. Mai hadda kuwa sai ya kife allon ya kawo da ka. Watau ba almajiri ne ke yanke wa kansa hukuncin ya iya ba, sai an ji daga bakinsa. Wannan shi ne jawo karatu da ka, tare da gyara nan take.

Haka kuma ba a barin karatun baya don an sami ƙari. Akwai tishi, inda ake komawa kan abin da aka wanke, akwai kuma tilawa wadda mahaddaci ba ya rabuwa da ita muddin ransa. Alƙur'ani izu 60 ne, mai tilawar izu biyu kullum yakan zagayo kowane wuri sau ɗaya a kwana 30. Zaman karatun ma a rarrabe yake, da asuba, da yamma, da dare, ana hutawa a tsakani. Wannan ita ce rarraba bita. A wajen musabaƙa kuma alƙali yakan ɗauko aya daga ko'ina ya ce a ci gaba, saboda haka mai shiri ba ya dogara da jeri, dole ya saba da a ja shi daga kowane wuri.

Abin mamaki shi ne yaron da ya san duk wannan da asuba, idan ya sa kayan makaranta da hantsi sai ya ajiye shi a ƙofar aji. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa dabarar da ya riƙe izu biyar da ita za ta riƙe masa tarihi da kimiyya. Mu malamai ma ba mu cika haɗa masa biyun ba.

Amma fa a yi hattara. Manufar hadda ita ce a dawo da lafazi yadda yake, ba ƙari ba ragi. Jarrabawar sakandare kuwa takan ce a bayyana, ko a kwatanta, ko a kawo dalili. Ɗalibin da ya haddace jimlolin Turanci bai san abin da suke nufi ba, da zarar an juya tambaya sai ya rikice. Abin da za mu ara daga allo shi ne tsarin, watau rufewa, da kawowa, da komawa baya a kai a kai. Abin da za a kawo da ka ɗin kuwa ma'ana ce. Hanya mai sauƙi ta tabbatar da haka ita ce ɗalibi ya bayyana darasin da Hausa, da kalmominsa, kamar yana koya wa ƙanensa, sannan ya rubuta da Turanci. Alal misali, bai isa ya haddace cewa iskar hunturu busasshiya ce ba. Ya tambayi kansa, me ya sa? Idan ya iya cewa daga arewa maso gabas take tasowa ta ratso Sahara inda babu ruwan da za ta ɗauko, ita kuwa iskar damina daga kudu maso yamma take zuwa ta kan tekun Atalantika, to ko ta wace fuska aka juya tambayar zai amsa.

6.0 Tsarin Bita a Aikace

Ɗalibin ajin ƙarshe yana da darussa takwas ko tara a gabansa. Ga yadda muke ganin zai tsara aikinsa, ba tare da bukatar wani kayan aiki mai tsada ba.

Da farko, bita ta fara tun ranar da aka koyar da darasi. Da dare ya ɗauki farar takarda, littafi a rufe, ya rubuta duk abin da ya tuna daga darussan yini, minti goma ga kowane. Sannan ya buɗe littafi ya cike giɓi da alƙalami mai wani launi. Abin da ya fito da launi na biyun shi ne aikinsa na gobe. Ya sake waiwayar darasin bayan mako guda, sannan bayan wata guda, daga nan sau ɗaya kowane wata har jarrabawa.

Na biyu, ga abubuwan da dole a riƙe su daidai, irin su shekaru da ma'anoni da ƙa'idojin lissafi, akwai dabarar kati wadda ɗan jarida Sebastian Leitner ya bayyana a wani littafi da ya wallafa da Jamusanci a 1972. A yanka kwali ƙanana, a rubuta tambaya a gaba, amsa a baya. Misali, a gaba: "Gaɓar Hausa iri nawa ce?" A baya: "Uku: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, baƙi da wasali da baƙi." Ko kuwa a gaba: "Yaushe aka haɗe Arewa da Kudancin Nijeriya?" A baya: "1914." A tanadi gwangwani uku. Na farko kullum ake duba shi, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako. Katin da aka amsa daidai ya ci gaba zuwa gwangwani na gaba, wanda aka faɗi ya koma na farko. Ta haka lokaci yakan tafi ga abin da ya fi wuya. Akwai manhajojin waya da ke yin wannan aiki, amma kwalin sabulu da almakashi sun wadatar, ba su kuma zuwa da saƙonnin da ke ɗauke hankali.

Na uku, tsofaffin takardun jarrabawa. Ɗalibai da yawa suna da su, sai dai karanta tambaya da amsa suke yi tare, wanda bai bambanta da sake karantawa ba. Yadda ya dace shi ne a rufe amsa, a ajiye agogo, a zauna kamar a ɗakin jarrabawa. Jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, tana da tambayoyi 180 cikin awa biyu, watau daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Wanda bai taɓa gwada kansa da agogo ba, ranar zai fara sanin gudun lokaci. Haka nan wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba ya nemi inda zai taɓa ta tun da sauran kwanaki.

Na huɗu, karatun rukuni. Yana da amfani idan mutum uku ne ko huɗu, kowa ya zo da tambayoyi biyar da ya shirya, a riƙa jan juna kamar yadda gardawa ke yi. Idan ya zama ɗaya na karantawa sauran na gyaɗa kai, mai karantawar ne kaɗai ke ƙaruwa.

Na biyar, a raba zaman karatu gajere-gajere, kamar minti 30 zuwa 40, a tashi a miƙe ƙafa, a canza darasi. A makon jarrabawa kuma kada a ɗauko sabon abu. A daren ƙarshe a duba katunan gwangwani na farko, a shirya alƙalami da katin shaida, a kwanta da wuri.

Wajibi ne a nan mu tuna da halin da ɗalibanmu ke ciki. Da yawa ba su da wutar lantarki da dare, wasu suna zuwa gona ko kasuwa bayan an tashi, 'yan mata kuma aikin gida na jiransu. Wannan tsari ya fi dacewa da irinsu, domin ba dogon zama yake nema ba. Yarinya tana iya jawo darasi a ranta tana wanke-wanke, yaro ya amsa kati biyar a kan hanyar gona. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

7.0 Nauyin da Ke Kan Malami

Ba daidai ba ne a ɗora wa ɗalibi laifin hanyar da ba wanda ya koya masa wata. Mukan ce wa yara su je su yi karatu, amma da wuya a sami malamin da ya ware darasi guda ya nuna yadda ake karatun. Bisa wannan muke ba da shawarwari kamar haka.

(a) Kowane darasi ya buɗe da tambayoyi biyar na minti biyar: biyu daga darasin jiya, biyu daga makon jiya, ɗaya daga zangon da ya wuce. Kowa ya rubuta amsa, a yi musayar takarda a gyara. Wannan yana yiwuwa ko a ajin da ya cika maƙil, ba ya kuma ƙara wa malami aikin maki.

(b) Kada a haɗa irin wannan gwaji da bulala ko tozartawa. Idan kuskure ya zama abin kunya, yaro zai ɓoye shi, alhali fito da shi shi ne amfanin gwajin.

(c) Aikin gida, musamman na lissafi da kimiyya, ya riƙa ɗauke da tambayoyi daga babobin baya a cakuɗe.

(d) Malamai su riƙa karanta rahoton manyan masu duba jarrabawa da WAEC ke fitarwa kan kowane darasi, domin a nan ake bayyana kurakuran da ɗalibai suka fi yi, sai bita ta fuskanci wuraren.

(e) Shugabannin makarantu su daina matse bita cikin makonnin ƙarshe. A shigar da ita cikin jadawali tun daga ajin farko na babbar sakandare.

(f) Mu da ke kwalejojin ilmi, namu nauyin ya fi. Ɗalibanmu sukan haddace sunan Ebbinghaus domin su ci jarrabawarmu, ta hanyar kwanan zaunen da shi Ebbinghaus ɗin ya nuna rauninsa. Ya kamata mu koyar da waɗannan hanyoyi ta yin amfani da su a azuzuwanmu, mu kuma sa su cikin abin da muke dubawa lokacin koyarwar gwaji. Har ila yau, tun da yawancin gwaje-gwajen da muka ambata a Amurka aka yi su, akwai fili ga manazartanmu su maimaita su a makarantunmu, da yaran da ke koyo cikin harshe na biyu, musamman a gwada tasirin bayyana darasi da Hausa kafin rubuta shi da Turanci.

8.0 Kammalawa

A wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa matsalar ɗalibai da yawa ba ƙarancin himma ba ce, hanyar bita ce. Mun ga cewa mantuwa ta fi ɓarna a kwanakin farko, cewa sake karantawa yana sa mutum jin ya iya alhali bai iya ba, kuma cewa jawo karatu da ka, da rarraba shi, da cakuɗa tambayoyi, da isasshen barci, su ne bincike ya tabbatar tun daga 1885 zuwa yau. Mun kuma nuna cewa tsarin nan yana nan a makarantar allo, abin da ya rage shi ne a shigo da shi aji, a haɗa shi da fahimtar ma'ana.

Ɗalibar da muka buɗe da labarinta, kafin mu bar makarantar mun sa ta karanta shafin nan sau ɗaya, ta rufe, ta faɗa mana da Hausa, ta buɗe ta duba, ta sake rufewa. A zagaye na uku ta kawo shi duka. Ta dube mu ta ce, "Ashe kamar tishi ne, Malam." Muka ce mata haka ne, sai dai ta koma masa jibi, ta kuma koma mako mai zuwa. Fatanmu shi ne mahalarta wannan taro su gwada shawara ta farko, watau tambayoyi biyar a farkon darasi, na tsawon zango guda, domin idan Allah ya kai mu taro na gaba mu tattauna abin da kowa ya gani a ajinsa.